Dan Allah shawara: ɗana ba ya ji, mu koyi maganar hannu ko mu jira ya fara magana?

Maman Khalifa, Unguwar Rogo

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema musamman wajen waɗanda suka san harkar kurame ko suke da kurma a gida. Ɗana shekararsa uku da 'yan watanni, lokacin zafin bara sanƙarau ya kama shi muka kwanta asibiti, Alhamdulillahi Allah ya tashi kafaɗunsa, amma tun da muka dawo gida na lura ko an kira shi ba ya waiwayowa, 'yan kalmomin da ya fara yi ma su mama, ruwa, zo, duk suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. An yi masa gwaji likita ya ce jin ya tafi sosai a duka kunnuwan biyu, na'urar ji za ta iya ɗan taimakawa amma kar mu sa rai da yawa.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne rigima. Yaron da ba shi da fitina ya koma kullum kuka da birgima, zai kama zanina ya ja ni har kicin yana nuna sama, in sauko masa da suga ya ture, in ba shi biskit ya jefar, ƙarshe ya kwanta a ƙasa yana buga kai ni ma in zauna in taya shi kuka, wlh ko ciwo yake ji ban san a ina ba. Na ce wa babansa mu nemi inda za mu koyi maganar hannu, sai Hajiya uwar mijina ta ce sam ba da ita ba, wai da zarar an saba masa da nuni harshensa zai mutu ba zai taɓa magana ba, a ci gaba da yi masa magana da baki da addu'a har Allah ya buɗe. Shi kuma maigidan ya tsaya a tsakiya, kuɗin na'ura kawai yake tarawa.

To gaskiya ne maganar hannu tana hana yaro magana? In ba ta hanawa a ina ake koya a nan Jos? Kuma na ga bidiyoyi a YouTube amma duk na Turawa ne, shi ne irin wanda kuramen nan suke yi ko daban ne?

Malam Auwal, Bauchi Road

Wa alaikumus salam Maman Khalifa, Allah ya ba shi lafiya ya raya shi. Ni malamin yara masu buƙata ta musamman ne, a sashen ilimi na musamman na Jami'ar Jos na yi karatu, kuma wannan maganar ta Hajiya kusan duk gidan da aka samu kurma sai an yi ta, so ne da tsoro suke sa a faɗe ta amma ba haka abin yake ba. Abin da ya tsayar da bakin Khalifa rashin ji ne, yaro da kunne yake ɗaukar magana ya kwaikwaya ya ji kansa ya gyara, in kunnen ya toshe ko kin ɗaure masa hannu baki ba zai buɗe don haka ba. Hasali ma yaran da suka samu yaren hannu da wuri in an zo koya musu karatu ko furuci sun fi saurin kamawa, saboda sun riga sun san cewa kowane abu yana da suna, sun san tambaya da amsa, akwai abin da malami zai ɗora a kai.

Abin tsoron yana wani wajen ne daban. Shekarun farko zuwa wajen biyar su ne lokacin da ƙwaƙwalwar yaro take shan harshe ba wahala, ba ruwanta ko ta kunne ya shigo ko ta ido, amma in lokacin ya wuce babu ko ɗaya to giɓin yana da wuyar cikewa. Ana kawo mana yara 'yan shekara tara goma ba su san sunansu ba, ba su san jiya da gobe ba, ba don ba su da basira ba sai don an zauna ana jira baki ya buɗe. Wannan jiran shi nake roƙonki kar ki yi. Kuma ba mu muka fara wannan kuskuren ba, a 1880 an yi babban taron malaman kurame a birnin Milan na Italiya aka yanke cewa a daina koyarwa da hannu sai da baki zalla, aka kori malamai kurame daga makarantu, aka yi kusan shekara ɗari yara suna fita ba baki ba karatu kafin aka dawo daga rakiyar wannan ra'ayin.

Batun YouTube kuwa, yaren hannu ba ɗaya ba ne a duniya, sun fi 300 kamar yadda ƙungiyar kurame ta duniya take faɗa, na Ingila ma daban na Amurka daban duk da duka Turanci suke ji, su Ingila da hannu biyu suke harrufa Amurka da hannu ɗaya. Mu a nan iri biyu za ki tarar. Akwai na makaranta wanda tushensa na Amurka ne, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka mai suna Andrew Foster shi ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960 bayan ya fara da Ghana a 1957, daga nan ya bazu ya gauraya da alamominmu na gida, shi ne wanda kike gani tafinta yana yi a gefen allo a labaran NTA. Sai kuma maganar hannu ta ƙasar Hausa wadda kurame suka gada tun kafin zuwan boko, ita za ki gani a kasuwa da tasha da majalisar kurame, a Kano ma har wata Bajamushiya Constanze Schmaling ta zauna ta yi bincike a kanta ta fitar da littafi a 2000. Don haka bidiyon Amurka zai ba ki harrufa da lambobi da kalmomi da yawa da za su yi daidai da na makaranta, amma ki guji na Ingila, kuma waya ba za ta maye miki gurbin zama da kurma ba.

Ki je makarantar kurame ta jihar Filato da ke Bassa ki ga malamai ko da bai kai shiga ba, ki leƙa sashenmu a jami'a akwai ɗalibai masu koyarwa a gida, sannan ƙungiyar kurame ta ƙasa NNAD tana da reshe a jiha. Amma tun yau ki fara da abin da ke gabanki, ruwa, abinci, fitsari, zafi, barci, a'a, ƙari. Ki nuna abin, ki yi alamar, ki faɗi kalmar da baki yana kallon fuskarki, duka a tare.

Injiniya Nura

Malam Auwal na ji bayaninka kuma ban musa ba, amma ni ina ganin kar a yi saurin sallamawa. Maman Khalifa ki koma wajen likitan kunne ki tambaye shi batun dashen na'ura ta cikin kunne wadda ake yi da tiyata, kuma ki tambaya da wuri, saboda wanda sanƙarau ya taɓa wani lokaci can cikin kunnen yakan fara zama ƙashi, in ya daskare aikin yana wahala. Na san kuɗin miliyoyi ne kuma bayan aikin akwai batir da gyara da zuwa wajen mai koyar da furuci, ba kowa zai iya ba, amma a tambaya dai, ana samun masu taimako. Damuwata ita ce duniyar nan ta masu ji ce, in ya iya hannu ku ma kun iya, to mai shago fa, direban keke fa, malamin Islamiyya fa? Mutum nawa ne a kasuwar Terminus za su gane shi? Kar a rufe yaro a cikin 'yan mutane kaɗan.

Ibro Kafinta, Gangare

Salam. Ni kurma ne. Matata ce ta nuna min wannan tambaya ta ce lallai in yi magana, ku yi haƙuri da rubutuna.

Ni ma sanƙarau ne, amma ina da wayo lokacin na fara firamare na iya karatu kaɗan shi ya sa nake rubuta Hausa. Maman Khalifa zan gaya miki abin da ɗanki ba zai iya gaya miki yanzu ba. Rashin ji ba ya ciwo. Abin da yake ciwo shi ne a zauna a tsakar gida ana cin tuwo kowa yana dariya ka taɓa ɗan uwanka ka ce me aka ce, ya ce ba komai, ko ya ce anjima zan gaya maka, kuma anjimar ba ta zuwa. Haka na girma. Gidanmu ba wanda ya ƙi ni, abinci sutura duk an min, amma an sa ranar auren ƙanwata kowa ya sani har maƙwabta ni sai da na ga ana shigo da akwatuna. Ranar da babanmu ya rasu a asibiti na dawo daga wajen aiki na ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida mutane suna ba ni hannu, ba wanda ya iya zaunar da ni ya gaya min yadda aka yi, me ya ce, ya bar min saƙo ko bai bari ba. Har yau ban sani ba. Mahaifiyata tana sona sosai amma hirarmu ba ta wuce ka ci, ka je, ka dawo, shekara da shekaru.

Masu cewa ai zai koyi karanta baki, ku tsaya gaban madubi ku ce bari, ɓari, mari ba tare da sauti ba ku gani ko akwai bambanci. Babu. Yawancin magana a cikin baki da maƙogwaro take ba a leɓe ba, muna cinka ne kawai, kuma in mutum yana da gashin baki ko yana tauna goro ko ya juya kai shikenan an bar ka. Lokacin korona da kowa ya sa takunkumi wlh kamar an kashe mana duniya.

Injiniya na gode da kulawarka, in Allah ya hore a yi masa aikin ban hana ba, ina da aboki mai na'ura yana jin hon ɗin mota da kiran sallah kuma yana jin daɗinta. Amma na'ura ana cire ta a yi wanka, ana cire ta a yi barci, batir yana mutuwa, tana lalacewa a rasa mai gyara, a lokacin yaron kurma ne kamar ni kuma dole ya yi magana da uwarsa. Batun kasuwa kuma ni a kasuwar Katako nake sayen katako, ina ciniki ina rage kuɗi ba a cutata, da nuni da kalkuleta da rubutu a waya, masu katako da yawa sun iya alamar kuɗi da ta tsada da ta gobe saboda mu. Bahaushe ai ba baƙon nuni ba ne, ko a tasha ka ga kwandasta da direba suna magana daga nesa. Mai shago minti biyu zan yi da shi in wuce. Wanda nake buƙata ya iya sosai shi ne na cikin gida. Kuma yaren hannu bai rufe ni ba, sai da na shiga cikin kurame na koya sannan na san labarin duniya, na san siyasa, na san hukuncin azumi dalla dalla, na samu sana'a na samu mata. Yarana duka suna ji, suna magana da baki da hannu, babbar tun ba ta iya tafiya ba take min alamar ruwa.

Ƙananan abubuwa da za su taimaka miki. In za ki kira shi ki taɓa kafaɗarsa a hankali ko ki ɗaga hannu inda zai gani ko ki kashe wuta ki kunna, kar a jefe shi da dutse ko takalmi, ana mana haka kuma yana da zafi a rai. Ki durƙusa daidai tsayinsa haske yana fuskarki ba bayanki ba. Fuska rabin magana ce, in tambaya kike ki ɗaga gira, in kin ji haushi ya gani, kar ki yi hannu fuska a sake. Da daddare in an ɗauke wuta ki ajiye tocila kusa da shimfiɗarsa, mu duhu shi ne shirunmu, yaro zai farka ba ya gani ba ya ji ba ya san kina kusa ba. Sannan ki koya masa tsallaka titi da ido sosai saboda 'yan keke suna hon suna zaton an ji.

Sista Rifkatu, Tudun Wada

Kai Oga Ibro ka sa ni hawaye, Allah ya ji ƙan Baba. Maman Khalifa sannu da ƙoƙari 'yar uwa. Ni nas ce, a cocinmu na fara koyon hannu domin muna da tafinta ranar Lahadi, na shiga ajin ne kawai don in riƙa gaisawa da su ashe zai min amfani a wajen aiki. An taɓa kawo mana wata kurma tana naƙuda cikin dare, wadda ta rako ta ba ta iya komai ba sai nuna ciki, ana ta mata ihu yi nishi yi nishi kaman ƙarfin murya ne matsalar, yarinyar ta firgice tana ture kowa. Da na zo na tsaya inda za ta gan ni na yi mata alamar sannu, na ce ni nas ce, ina ne ciwo, sai ta riƙe hannuna gam ta fara ba ni labari da ɗayan, ashe tun yamma take ganin jini kuma haihuwarta ta farko tiyata aka yi mata, ba wanda ya sani a cikinmu. Wannan bayanin shi ya canza duk abin da muka yi a daren. Hannuna ba wani ƙwarewa ba ne fa lokacin, kalmomi ne kaɗan.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce asibitin gwamnati ya tanadi hanyar magana da irin waɗannan marasa lafiya, ta kuma ba su ilimi kyauta har sakandare, an kafa hukuma a Abuja a 2020 domin haka, mu ma a Filato muna da tamu hukumar. Amma kafin takarda ta zama tafinta a kowane ɗaki da sauran tafiya, shi ya sa nake ce wa ɗaliban nas su koya da kansu.

Abu ɗaya da ba a son faɗa amma dole in faɗa miki a matsayin uwa, masu lalata yara suna neman wanda ba zai iya ba da labari ba. Yaron da ya san sunan sassan jikinsa, ya san alamar a'a, ya san ya ce wane ne ya taɓa ni, ya fi tsira. Ko don wannan kaɗai ki koya. Sauran iyaye kuma don kare jin yaranku dan Allah rigakafin ƙyanda da na sanƙarau na wata tara kar a tsallake, jariri in ya yi shawara idonsa ya yi ɗorawa a kai asibiti ba a shanya shi a rana kawai ba, kunne mai zubar da ruwa a duba shi, kuma a daina zuwa kemis ana yi wa yara allurar jentamaisin ba likita, tana iya kashe ji.

Maman Khalifa, Unguwar Rogo

Jama'a na gode Allah ya saka da alheri, Malam Ibro na karanta naka na kasa ci gaba sai da na tashi na dawo. Na tura wa babansa ya karanta ya yi shiru, daga baya ya ce in tambaya ko akwai ajin da maza ke zuwa da yamma bayan an tashi kasuwa. Injiniya za mu koma wajen likitan in sha Allahu mu yi tambayar. Saura Hajiya, don ita take wuni da shi in na tafi makarantar da nake koyarwa, kuma ba na son abin ya zama kamar na raina maganarta. Sannan sallah da karatu fa, ya ake koya musu?

Ummu Hanan, Rikkos

Maman Khalifa kar ki je wa Hajiya da hujja, ke suruka ce, ko Malam Auwal kika ɗauko da digirinsa cewa za ta yi boko ne. Ɗanta ne zai mata magana, kuma ba cewa zai yi ta yi kuskure ba, ya ce likita ya ce a haɗa duka biyun baki da hannu da addu'a, wanda kuma gaskiya ne ba ƙarya ya yi ba. Ƙanwar mijina kurma ce, kakarta ta fi kowa faɗa a kan nuni da farko, abin da ya karya ta shi ne ranar da yarinyar ta yi mata suna da hannu, ta ja yatsa a kumatu wajen zanen fuskarta duk lokacin da ta shigo, tsohuwa ta gane ita ake nufi, daga ranar ita ke tambayar ya ake cewa kunu ya ake cewa zo ki kwanta. Ki fara koya wa Khalifa alamar Hajiya da ta gaisuwa kafin komai, ya je ya durƙusa ya gaishe ta da safe, sauran ki bar mata. Kuma ki sa yayyensa da yaran maƙwabta a ciki, su wasa suke ɗaukar abin, kafin ki haddace goma sun haddace hamsin.

Ibro Kafinta, Gangare

Sallah da ido ake fara koya, babansa ya riƙa tsayar da shi gefensa yana alwala yana gani, ya tafi da shi masallaci, mu a sahu na kusa da mu muke kallo mu yi ruku'u mu yi sujada. Ma'ana kuma, waye Allah, waye Annabi, me ya sa ake azumi, wannan sai da yare, shi ya sa nake cewa ku iya sosai kar ku tsaya a ci da sha. Akwai malamai kurame da masu ji da suke karantar da mu da hannu, in ya girma kaɗan za a haɗa ku. Abin da muke roƙo har yanzu shi ne tafinta a huɗubar Juma'a, yawancin masallatai babu, muna zuwa mu zauna har a tayar da sallah ba mu san me liman ya ce ba, in akwai ɗan kwamitin masallaci a nan dan Allah ya kai maganar.

Ki ce wa maigidan ya same ni ta akwatin saƙo, muna zama da 'yan uwa kurame da yamma bayan la'asar ranar Asabar da Lahadi, ya zo ya zauna da mu ko bai iya komai ba za mu fara masa daga harrufa, ya taho da Khalifa ya ga manya irinsa masu sana'a da iyali. Matata kuma ta ce in kin yarda za ta riƙa zuwa gida tana koya miki ke da yaran, kuɗin keke kawai za ki ba ta, amma a fara neman izinin Hajiya kafin ta zo.